Taswirar ambaliya da cinikin gida: abin da za ka bincika kafin kuɗi su bar hannunka

A watan Maris ƙanena ya sayi gida a wata sabuwar unguwa da ke bakin Kano. Ƙasa ta bushe ƙarau, fenti sabo fil, kuɗin kuma bai kai na gidajen layin sama ba. Dillali ya ce matsuwa ce ta kama mai gidan. Ni ma na je na zaga, na sa albarka. Tsakiyar Agusta aka kwana ana ruwa, da asuba waya ta tashe ni. Na tarar da shi tsaye a tsakar gida, ruwa iya gwiwa, yana ɗora katifa a kan katanga, sokawe ya cika ya dawo da ƙazanta ta banɗaki, yara suna kan tebur. Bayan kwana goma fentin ya fara ɓarewa, sai ga layin tsohon ruwa a jikin bango har guda biyu, ɗaya a saman ɗaya. Daga baya na buɗe tsohon hoton tauraron ɗan Adam na wurin a kwamfuta. Inda ɗakin matarsa yake, kududdufi ne shekaru kaɗan da suka wuce. Binciken da bai fi minti ashirin ba da ya hana wannan asara, kuma shi nake so ka iya kafin ka kai ga naka cinikin.

Fara da sanin wace taswira ke hannunka

A Najeriya hukumar da ke lura da ruwan koguna da na ƙasa ita ce NIHSA. Kowace shekara kafin damina takan fitar da hasashen ambaliya, ta jera jihohi da ƙananan hukumomi, ta raba su: masu haɗari sosai, masu matsakaici, masu kaɗan, ta kuma nuna watannin da ake fargaba. A hasashen 2024 ta sa ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31 cikin rukunin haɗari sosai. NiMet kuma, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, tana fitar da hasashen damina a farkon shekara: yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, ina zai yi yawa. Duka biyun ana samunsu a intanet kyauta, kuma ofishin SEMA, wato hukumar ba da agajin gaggawa ta jiharka, yakan san abin da suka ƙunsa. Akwai kuma Flood Hub na Google, wanda ke nuna hasashen cikar manyan koguna na 'yan kwanaki masu zuwa.

To amma ka fahimci iyakarsu. Waɗannan takardu an yi su ne don gwamnati ta shirya, ba don mai sayen gida ba. Ƙaramar hukuma guda tana da tudu, tana da kwari, tana da fadama. Sunanta a jerin haɗari ba ya nufin gidan da aka nuna maka zai nutse. Rashin sunanta kuma ba shaidar tsira ba ce, kuma nan mutane suka fi faɗawa. 'Yan'uwanmu da ke Ingila sun saba rubuta lambar unguwa a shafin gwamnati su ga matsayin gidan. Na Amurka sun san taswirar hukumar agajin gaggawa ta ƙasarsu, FEMA, wadda idan ta sa gida a yankin haɗari sosai, bashin gidan kuma yana da goyon gwamnatin tarayya, dole a yi masa inshorar ambaliya. Idan irin waɗannan 'yan'uwa suka aiko da kuɗi a saya musu gida a Kano ko Kaduna, sai su zaci akwai irin wannan tsaro a nan. A yawancin garuruwanmu babu taswirar gida-gida da kowa zai buɗe. Kai za ka haɗa taka daga guntaye.

Ka kuma tambayi kanka wane irin ruwa kake tsoro, don ba iri ɗaya ba ne. Akwai na kogi, irin wanda Lokoja ke sha a mahaɗar Neja da Binuwai, da wanda ke cin Haɗeja da Auyo da Ringim idan kogi ya cika, ciyawar kachala kuma ta toshe masa hanya. Akwai na madatsar ruwa: sakin ruwan Lagdo daga Kamaru ya taimaka wajen ambaliyar 2012 da ta 2022, madatsar Bagauda ta ɓalle a 1988, ta Alau kuma ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ta shafe babban ɓangare na Maiduguri, shekara 30 bayan irin haka a 1994. Waɗannan biyun taswira tana iya nuna su. Na uku shi ne ruwan sama a cikin gari, wanda ya rasa hanya saboda an cike kududdufi, an yi gini a kan lambatu, kwalbati ya toshe da leda. Shi ya shiga Kantin Kwari a 2022. Na huɗu yana tsattsafowa ne daga ƙasa, ba ka ganin zuwansa sai ka ga tabarma ta jiƙe. Na uku da na huɗu da wuya su fito a wata taswira ta gwamnati, alhali su suka fi cin gidajen talakawa a birane.

Wata magana da za ka ci karo da ita a rahoton injiniyoyi ita ce "ambaliyar shekara 100". Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan an yi ta bara, an huta har jikoki. Ba haka ba ne. Ma'anarta, kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 a yi ta. Idan ka zauna shekara 30 a gidan, yiwuwar ta same ka aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 26 cikin 100. Wurin da ake kira na shekara 10 kuwa, cikin shekara goma yiwuwar ta kai kusan kashi 65. Kuma duk wannan lissafi an gina shi ne a kan ruwan da aka auna a baya, kafin a cike fadamun da ke shanye shi.

Ka ɗora gidan a kan hoto

Je ka tsaya a ƙofar gidan, ka buɗe Google Maps a wayarka, ka danna wurin ka riƙe har lambobin wurin su fito, ka adana su. Idan filin yana da takardar safiyo, lambobin suna jikinta, amma ka gwada su da na wayarka, don an sha nuna wa mutum fili a tudu alhali takardar ta kwari ce.

Sai ka samu kwamfuta mai Google Earth Pro, kyauta ake sauke shi. Ka zuba lambobin, ka danna alamar agogo da ke sama, za ka ga wani ma'auni da ake ja baya. A manyan garuruwa hotunan sukan koma farkon shekarun 2000. Ka ja a hankali, shekara bayan shekara, kana kallon wurin da gidan yake. Abin da kake nema: baƙin tabo mai kama da ƙwarya, wato kududdufi ko ramin da aka haƙi ƙasar gini, farin zare mai lanƙwasa, wato rafin yashi da ke bushewa da rani, wuri mai kore shar a hoton rani alhali kewayensa ya yi fari, wato fadama, ƙananan fangalai irin na shinkafa ko lambu. Idan ka ga ɗaya daga cikinsu a ƙarƙashin gidan ko daf da shi, to ka san ciko aka yi. Ciko yakan zauna, bango ya tsage, ruwa kuma duk shekara zai zo neman tsohon wurinsa.

Kada ka tsaya a kan gidan kaɗai. Ka bi rafin sama, ka ga daga ina yake zuwa. Akwai madatsa a samansa? Akwai sabon titi ko layin dogo da aka ɗaga ya gitta masa? Titi mai tudu da ƙaramin kwalbati yakan zama madatsar da ba wanda ya yi niyyar ginawa: masu sama su sha ruwan da ya taru, masu ƙasa su sha shi ranar da ya ɓalle. Ka duba kuma yawan gine-ginen da aka yi a tudun da ke samanku cikin shekara goma. Duk gonar da ta koma kwano da siminti, ruwan da take shanyewa yanzu gangarowa yake yi.

A ƙasan allon akwai lambar da ke nuna tsayin wuri daga teku. Ka zagaya da linzamin kwamfutar (mouse) daga gidan zuwa titi, zuwa lambatu, zuwa bakin rafi, ka ga ina lambar ke raguwa. Tana da amfani wajen gane kwari da tudu a unguwa baki ɗaya, amma tana iya kuskure da mita biyu ko fiye, kuma rabin mita ne ke raba gidan da ya tsira da wanda ya nutse. Kada ka yanke hukunci da ita.

Taswirar da ke ofishin ƙasa

Akwai wata taswira da ba ruwanta da hasashe, ita ce ta tsarin gari, kuma tana iya raba ka da gida ko ruwa bai taɓa shiga ba. A Kano ka nufi KANGIS, ofishin bayanan filaye, da KNUPDA, hukumar tsara birni; irinsu a Kaduna KADGIS da KASUPDA, a Abuja AGIS da sashen kula da gine-gine, a Barno BOGIS. Ka rubuta takardar neman bincike, ka biya kuɗin a asusun gwamnati, ka karɓi rasit. Mutane sukan tsaya a tambayar wa ke da filin. Ka ƙara uku: shin filin yana cikin shimfiɗar da gwamnati ta amince da ita? Shin ya shiga hanyar ruwa, ko tazarar da doka ta ce a bari daga bakin rafi ko lambatu? Shin ginin yana da izini? Tazarar ta bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka ka nemi a faɗa maka ta wurin, a rubuce.

Dalilin wannan wahala shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ƙasa tana hannun gwamna, kai haƙƙin zama aka ba ka, galibi na shekara 99, kuma yana iya soke shi don amfanin jama'a. Mai takarda da izinin gini yana da ƙafar tsayawa ya nemi diyyar abin da ya gina. Wanda ya sayi awon igiya a kan hanyar ruwa, ranar da aka shafa wa katangarsa jan fenti, da wuya ya samu ko sisi. Kuma kada girman unguwa ya ruɗe ka. Rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe a Abuja, mai ƙofa da masu gadi, ruwa ya sha shigarsa, har a watan Yuni na 2023 hukumar birnin ta ayyana shi wurin bala'i.

Yanzu ka sa ƙafa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne na fi so ka daɗe. Idan da hali, kada ka sayi gida da rani. Ka jira marka, ka je washegarin ruwa mai ƙarfi, da sassafe, ba tare da ka gaya wa dillali ba. Ka ajiye abin hawanka a babban titi ka taka. Ina ruwa ya kwanta? Ina ya bar shara da leda a jikin katanga? Wannan layin sharar ya fi kowace taswira gaskiya. Idan ciniki ba zai jira damina ba, alamu suna nan ko da rani.

Kalli ƙofofin maƙwabta. Idan kowa ya gina ɗan bango a bakin ƙofarsa sai an ɗaga ƙafa an tsallaka, ko ka ga buhunan yashi sun ruɓe a gefe, unguwar ta ba ka amsa. Kalli gidan da kansa: shiga ake yi a gangara daga titi, ko hawa? Gidaje da yawa an gina su daidai, daga baya aka yi titi aka ɗaga shi, suka koma rami. A ciki, ka shafa bango daga ƙasa zuwa ƙugu. Fulastar da ke saɓulewa kamar gari, farin gishiri a jikin bulo, fenti sabo a ƙasa tsoho a sama, tayil da aka manna iya ƙugu a falo, ƙasan ƙofar ƙarfe da tsatsa ta cinye, duk labari ɗaya suke bayarwa. Ka shiga ɗakin da aka fi rufewa ka shaƙi iska. Warin laima ba ya ɓuya. Ka leƙa rijiya: idan da rani guga yana taɓa ruwa da gaba biyu na igiya, da damina ruwan ƙasa zai taso kusa da daɓe, sokawe kuma ba zai shanye komai ba.

Ka zo da birkilanka, ba na mai gida ba, ya zo da siririn tiyon nan mai haske da suke daidaita gini da shi. A cika shi da ruwa, mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a kan kwatar titi, ɗayan a daɓen falo, a auna bambanci. Cikin minti goma za ka san ko falon ya fi kwata tsayi, da inci nawa. Idan gidan mai tsada ne, ka biya safiyo mai rajista ya auna maka har zuwa inda kwatar ke zubarwa, don kwata mai kyau da ba ta da mafita tafki ce.

Sai tambaya. Maƙwabcin da ke jikin gidan yana iya jin nauyin mai sayarwa, ko shi ma yana shirin sayar da nasa. Ka nemi mai shayi, mai facin taya, 'yan garuwa, ɗan adaidaita da ke shiga layin, da tsohon da ya noma wurin kafin a yanka shi. Kada ka ce, "Ruwa yana shiga nan?" Za a ce maka a'a, sai dai abin da ba a rasa ba. Ka gaisa sosai, sannan ka ce, "Baba, shekarar da aka yi babban ruwan nan, a ina ya tsaya a layin nan?" Sau da yawa zai tashi ya nuna maka da hannu a jikin bango. Ka tambayi sunan wurin na asali. Unguwar da yanzu ake kira Sabuwar Abuja, wataƙila tsofaffi sun san ta da Fadama, ko Kwarin wane, ko Tafki. Daga nan ka je gaida mai unguwa. "Ranka ya daɗe, ina son zama maƙwabcinku, na zo neman shawara." Shi ke rubuta sunayen waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna idan SEMA ta zo rabon tallafi, ya san gidajen ɗaya bayan ɗaya.

Lissafin kuɗi

Ba kowane gida mai haɗari ne abin gudu ba. Wanda ke cikin tsohon kududdufi, ko kan hanyar rafi, ko ƙarƙashin madatsa a gefen da ruwa zai fara bi, ni dai ba zan shawarci kowa ya kwana da iyali a ciki ba ko kyauta ne. Abin da ya faru a Mokwa a ƙarshen watan Mayu na 2025, inda ruwa ya zo da asuba ya tafi da mutane sama da 150, ya isa misali. Amma gidan da ruwa ke shiga tsakar gidansa iya idon sawu saboda kwata ta toshe, wannan matsalar kuɗi ce, ana iya lissafa ta.

A ce gida irinsa a tudu naira miliyan 20 ne, an sallama maka wannan a miliyan 15. A ce duk shekara uku ruwa yana shiga, gyara da kayan da suka lalace suna cin miliyan ɗaya da rabi. Cikin shekara 12 ka kashe miliyan 6, ragin ya ƙare har ka yi asarar miliyan ɗaya, ban da zazzaɓin yara, ban da ragin da kai ma za ka yi ranar da za ka sayar. Saboda haka ka sa birkila ko injiniya ya rubuta maka kuɗin gyara na gaskiya: ɗaga daɓe, ɗaga ƙofofi, mayar da soket sama, fitar da kwata har mafita. Da wannan takarda za ka yi tayi. Ka kuma tuna cewa idan ka yi ciko ka ɗaga gidanka, ruwan gidan maƙwabcinka zai koma, kuma ƙa'idar addini ita ce ba cuta ba cutarwa. Gyaran da ke ɗorewa na layi ne gaba ɗaya.

Idan da bashin banki za ka saya, ko ta asusun gidaje na ƙasa da bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, ke riƙe, za a turo mai kimanta gida, kuma abin da ya gani zai iya rage kuɗin da za a ba ka ko ya hana. Inshora kuwa, ka nemi a nuna maka kalmar ambaliya a rubuce cikin takardar, don ta gobara zalla ba ta ɗauke da ita. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci. Ka je musu kafin ka biya kuɗin gidan, ka faɗa musu tarihin wurin. Idan suka ƙi, ko suka tsauwala, sun yi maka kimantawa kyauta.

Kada ka ba da kafin alƙalami sai an rubuta cewa za a mayar maka da shi idan binciken ofishin ƙasa ya nuna matsala. A takardar ciniki kuma ka sa lauya ya saka layi guda inda mai sayarwa ya bayyana ko ruwa ya taɓa shiga gidan, a wace shekara, zuwa ina. Ya sa hannu, dillali da mai unguwa su shaida. Wanda ya ƙi sa hannu a wannan layi, ka ce masa albarka.

Idan kai ne mai sayarwa

Na san zafin abin. Ka tara gumi ka gina, ruwa ya karya darajar gidan, ga dillali yana cewa, "Alhaji, a shafa fenti a bari sai Janairu." Kada ka biye masa. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma ce wanda ya yi ha'inci ba ya tare da shi. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke aiki da shi, wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da hanyar mayarwa ko neman ragi. Kotun zamani ma tana iya warware cinikin da aka ƙulla da ƙarya.

Gaskiyar ma tana da kasuwa idan ka shirya ta. Ka tara hotunan ranar da ruwa ya shiga, da na gyaran da ka yi, da rasit ɗin siminti da na aikin kwata. Idan ƙaramar hukumarku tana jerin NIHSA amma gidanka yana tudu, ka sa safiyo ya rubuta tsayinsa a kan kwata da kan bakin kogi, ka riƙa nuna wa duk wanda ya zo, don jerin yana karya farashin gidajen da ba su da laifi. Idan gyaranka ya yi aiki, ka fitar da gidan kasuwa a watan Agusta, ka ce wa mai saye ya zo ranar da ake ruwa. Idan kuma bai yi ba, ka faɗi inda ruwan yake tsayawa, ka sauke kuɗin, ka nemi wanda wurin zai yi masa amfani a yadda yake: mai gidan bulo, mai lambu, mai kiwon kifi. Ƙanena haka ya yi da nasa. Mai buga bulo ya saya, ya ga layin biyu a jikin bango kafin ya biya, kuma an rubuta su a takarda.